Akodiyon Marigayiya da Ƙoƙon da Ya Toshe

Akwai wani malamin makarantar gwamnati a garinmu, nan kudancin Barazil, ana kiransa Malam Aldemar. Kiɗa yake koyarwa. Ya daɗe a aikin, har da yawa daga cikin iyayen ɗalibansa na yanzu su ma ta ajinsa suka bi.

Matarsa Nilza ta rasu a farkon shekara, bayan 'yar gajeriyar jinya. Mutane sun ga yadda ya tsaya a makabarta idonsa a bushe, suka yi ta cewa mutumin nan akwai ƙarfin hali. Ni dai ban kira shi ƙarfin hali ba. Abin da ya same shi ya fi kama da hannun da mutum ya kwanta a kansa har ya mutu, ko an tsunkule shi ba ya ji.

Yana zuwa makaranta a kan lokaci. Zai yi rubutu a allo, ya koma kujera ya zuba wa taga ido har a kaɗa ƙararrawa. Yara su yi surutu, su yi jifa da takarda, ko a jikinsa. Wata rana murhu ya ƙona masa yatsa a gida, bai san ya ƙone ba sai da wata malama ta ga bororon ta tambaye shi.

Ko mate, shayin ganyen nan mai ɗaci da muke zuƙa da bututu, ya daina sha. A garinmu kuwa, in aka ce mutum ya daina shan mate, to a tambayi lafiyarsa. Tun aurensu, kullum da safe shi ke cika ƙoƙo da ganye, ya soka bututun ƙarfe, ya zuba ruwan zafi, ya sha na farko mai ɗaci, sannan ya sake cikawa ya miƙa wa Nilza a damansa. Tun da aka binne ta ya kife ƙoƙon a kan kanta, bai sake taɓa shi ba.

Nilza tana da akodiyon, ja, tsoho, irin wanda ake rungumewa a ƙirji ana buɗe shi ana rufewa kamar zugazugin maƙeri. Ita ba ma'aikaciyar makaranta ba ce, amma duk Asabar takan zo ta zauna a baranda ta koya wa yara kiɗa kyauta. Bayan rasuwarta, Malam Aldemar ya kasa zama ɗaki ɗaya da akodiyon nan. Ya ɗauke shi ya kai makaranta, ya kulle a kabad ɗin ajin kiɗa.

Cikin yaran Asabar ɗin akwai wata yarinya, Tainara, 'yar shekara goma sha biyar. Tana zaune da kakarta, Dona Iraci (Dona muke ce wa babbar mace don girmamawa), can ƙarshen gari kusa da rumfunan shanya taba. Uwarta ta tafi birni neman aiki, sai dai a ji muryarta a waya.

Wata rana da yamma, cikin sanyin watan Yuli, lokacin hunturunmu, Malam Aldemar ya manta makulli a jikin kabad. Ya kai bakin ƙofar makaranta sai ya ji kiɗa. Ya san muryar abin. Ya juyo a hankali, ya shiga ajin, ya tarar da Tainara ta rataya akodiyon a kafaɗa tana kaɗawa, wasu yara sun kewaye ta.

Bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya miƙa, idonsa na kan bango.

Yarinyar ta daina kiɗan. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sai ta zare igiyar daga kafaɗarta, ta ɗaga akodiyon sama da hannu biyu, ta maka shi da ƙasa.

Zugazugin ya yage. Maɓallan suka tarwatse har ƙarƙashin kujeru. Yaran suka yi cirko-cirko, wata ta toshe baki. Malam Aldemar ya durƙusa ya tsince maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihun rigar sanyinsa, ya tafi gida.

Da a da ne, maganar ba ta kwana. A kira kaka, a ce ta kwashi jikarta ta nemi wata makaranta, shi ke nan. Amma a bara majalisar garinmu ta zartar da wata doka. Ta ce babu makarantar gwamnati da za ta kori yaro ko ta tura shi wani wuri sai an fara zaman da'ira. Mai laifi, da wanda aka yi wa laifin, da na gida, da na makaranta, su zauna su kewaye, kowa ya faɗi abin da ke ransa. In wanda aka ɓata wa ya yarda a gyara, a gyara. In ya ce bai yarda ba, sai a koma tsohuwar hanya.

Mataimakin shugaban makaranta, Malam Gilmar, ba abin da ya tsana kamar dokar nan. Washegari ya tare Malam Aldemar a ɗakin malamai.

"Abokina, ka ga abin da nake faɗa ko? Dokar lallashi ke nan. Yarinya ta fasa maka kayan matarka, yanzu kuma a ce ka zauna ka saurari yadda ranta yake ji. Saura a ce mu yi mata fifita."

Malam Aldemar ya ce, "Duk yadda kuka yi."

"A'a, ba duk yadda muka yi ba, maganar a bakinka take. Ka zo ka zauna, in an zo kanka ka ce ba ka yarda ba. Magana ɗaya. Sai mu tura ta makarantar tsallaken kogi, ka huta, mu huta."

Malam Aldemar ya gyaɗa kai. Ba don haushi ba. Ya laluba cikin ransa ko zai sami haushin yarinyar, bai samu ba. Ya ga dai wannan ce hanya mafi gajarta ta komawa gida ya zauna, kuma zaman nan shi kaɗai yake so.

Ana gobe zaman, Dona Iraci ta zo har ƙofar gidansa. Tsohuwa ce gajeriya, hannuwanta sun rine da ganyen taba, bakinta kuwa ba ya da birki. Ta tafa hannu a bakin shinge har ya fito.

"Malam, ba roƙo na zo yi ba, gwiwoyina ba sa lanƙwasuwa. Na jibgi 'yar banzar nan da baki har na gaji. Abin da ta yi ba shi da kyau, kuma Dona Nilza mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta. Amma ka san makarantar tsallaken kogi. Mota ɗaya ce, ta fita da duhu ta dawo da duhu. Wa zai bar budurwa a hanyar nan? In ka ce a tura ta, to rumfar taba ka tura ta. Can uwarta ta ƙare da aka kore ta, can ni ma na tsufa."

Malam Aldemar ya ce, "To."

"To? Na yi wannan doguwar magana ka ce mini to? Kai mutum ne ko gunkin coci?"

Ya tsaya yana kallon shingen. Ta jira, ta ga ba abin da zai ƙara, ta ja tsaki ta gyara mayafinta ta tafi. Ya ji duk abin da ta faɗa, ya kuma gane shi. Kawai dai maganar ba ta sami wurin sauka a jikinsa ba.

Wadda aka ɗora wa jagorancin zaman wata matashiyar malama ce, Malama Jucélia. Daga arewa take, can Bahiya, inda rana ke dukan mutane duk shekara kuma ba wanda ya san mate. Ta je horo a kan sabuwar dokar, ta dawo da zafinta. A wajen horon an gaya musu a samo wani abu da mutanen wurin ke girmamawa, a riƙa zagayawa da shi: wanda yake riƙe da shi ne kaɗai ke da bakin magana, sauran su yi shiru su saurara.

Ta duba ta ga ba abin da mutanen garinmu ke girmamawa kamar ƙoƙon mate. Tunanin ya yi kyau. Kuskurenta ɗaya, ta ce ita za ta haɗa da hannunta.

Aka jera kujeru biyar a ɗakin karatu. Iska na kaɗawa ta ƙarƙashin ƙofa, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Malam Aldemar ya zauna, Malam Gilmar a damansa, sai Dona Iraci, sai Tainara, sai Malama Jucélia. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta cusa hannuwanta tsakanin gwiwoyi.

Malama Jucélia ta yi bayanin ƙa'ida da murmushi. Sannan ta ɗauko sabon ƙoƙo, ta cika shi da ganye har baki, ta kwarara masa ruwan da ya tafasa yana ɓulɓula. Dona Iraci ta runtse ido. Malamar ta soka bututun, ta ja, ba abin da ya fito. Ta sake ja har kumatunta suka lotsa. Sai ta kama bututun ta fara juya shi a cikin ƙoƙon.

Dona Iraci ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! 'Yata, miya kike damawa?"

"Dona Iraci, ba ke ce ke riƙe da ƙoƙon ba," in ji malamar, fuskarta ta yi ja.

"Ai gara da ba ni ba ce. Wannan ko akuya aka ba ta sai ta kai ƙara."

Malam Gilmar ya kwashe da dariya. "Ga doka nan ta toshe tun ba a fara ba."

Ko ɗan yaye a garinmu ya san ba a juya bututun mate, ba a kuma zuba masa tafasasshen ruwa. Amma wa ya gaya wa baiwar Allah? Ta ci gaba da kokawa da ƙoƙon, ganye na tsalle yana zuba mata a siket, idonta ya fara kawo ruwa.

Malam Aldemar yana kallo. Fasa akodiyon bai motsa shi ba, maganar tsohuwa ba ta motsa shi ba, amma hannuwansa sun kasa jure ganin abin da ake yi wa ƙoƙon nan. Kafin ya yi tunani, ya miƙa hannu ya ce, "Kawo."

Ya juye ganyen a kwandon shara. Ya zuba sabo, ya rufe bakin ƙoƙon da tafin hannu, ya karkata shi har ganyen ya kwanta gefe ɗaya. Ya buɗe fulas ya bar ruwan ya sha iska. Ya zuba a hankali ta gefen da babu ganye, ya toshe kan bututun da babban yatsa, ya soka shi har ƙasa. Hannuwan ne kawai ke aiki, fuskar tana nan yadda take.

Ya sha na farko, mai ɗacin, kamar yadda mai haɗawa ke yi. Ya ja har ƙoƙon ya yi ƙara alamar ya ƙare. Sai a lokacin ya lura fulas ɗin yana hannunsa.

Wanda ya riƙe fulas a wajenmu, shi ne mai shayarwa. Kowa ya sha, ƙoƙon hannunsa zai dawo, ya cika ya miƙa wa na gaba. Ba ya ajiye fulas sai zagaye ya cika. Malam Aldemar ya zo ne ya faɗi kalma ɗaya ya tafi, ga shi ya zama mai masaukin baƙi.

Malama Jucélia ta share ido ta ce, "To, Malam ne zai riƙa miƙawa. Wanda ƙoƙo ya zo hannunsa ya yi magana."

Ya cika ya ba Malam Gilmar. Malam Gilmar ya sha, ya gyara murya, ya yi dogon jawabi a kan tarbiyya da yadda yaran zamani suka lalace. Ya ce in ba a yi maganin wannan ba, gobe wani zai fasa tagogi. Ya mayar da ƙoƙon yana huci kamar wanda ya sauke kaya.

Ya cika ya ba Dona Iraci. Ta kurɓa, ta lumshe ido. "Yauwa, wannan shi ne mate." Ta ce ita ba ta da abin cewa da ya wuce wanda ta faɗa jiya a bakin shinge, kuma wanda ta faɗa wa bai nuna ya ji ba. Ta ce jikarta ta yi laifi, a hukunta ta, amma kada a raba ta da aji. Ta shanye, ta mayar.

Malam Aldemar ya cika ƙoƙon. Na gaba Tainara ce.

Hannunsa ya tsaya a iska. Malam Gilmar ya karkato ya yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "Tsallake ta mana. Miƙa wa Malama, a wuce wurin."

Dona Iraci ta kafe Malam Aldemar da ido.

A garin nan mutum zai iya ƙin gaishe ka a kasuwa, zai iya kai ka kotu. Amma in kuna zaune a zagaye ɗaya kuma fulas na hannunsa, ba zai tsallake ka ba. Wanda aka tsallake, an gaya masa ke nan a gaban jama'a cewa shi ba mutum ba ne. Malam Aldemar bai taɓa ganin an yi ba, ko a gidan ubansa, ko a nasa. Nilza ta taɓa shayar da mutumin da ya kashe mata kare da mota, don kawai ya zauna a barandarsu.

Ya miƙa wa yarinyar ƙoƙon da hannun dama, kamar yadda ake yi.

Tainara ta karɓa da hannu biyu. Ta kurɓa kaɗan. Ba wanda ya isa ya katse ta, tunda ƙoƙon na hannunta. Da ta buɗe baki, muryar a dushe ta fito.

"Dona Nilza ta ce ni zan kaɗa shi a bikin watan Satumba. Ta ce yatsuna sun fi nata. Da ta kwanta asibiti na je, ta ce in ci gaba da koyo, Malam zai ba ni akodiyon duk Asabar."

Ta sake kurɓa.

"Da aka dawo makaranta na tambaye ka. Ka ce ba yau ba. Na bari aka kwana biyu na sake tambaya, ka ce ba yau ba. Ban san sau nawa na tambaya ba. Ko sau ɗaya ba ka dube ni ba. Rannan ma Daiane ka kira ni. Daiane ta bar makarantar nan tun bara."

Malam Aldemar bai tuna ko ɗaya ba. Ya nemi ranakun a kansa, ya tarar da su fari fat.

"Ni ma na yi kukanta," in ji yarinyar. "A bayan rumfar taba na yi, don Kaka ba ta son kuka. Na ɗauka in ka ji ana kaɗa shi za ka ce wani abu. Ko ka ce na iya, ko ka ce na ɓata. Da ka shigo ka miƙo hannu kana kallon bango, sai na ji kamar ni ma na mutu ban sani ba. Shi ne na ce bari in fasa, in ga ko za ka yi mini ihu."

Ta ja sauran ruwan har ƙoƙon ya yi ƙara.

"Ba ka yi ba. Maɓallai ka tsince. Na san na yi mugun abu, kayanta ne, ba ni da abin da zan biya da shi. Ka yi haƙuri. In ka ce a tura ni, ba zan ce ka zalunce ni ba."

Ta miƙo masa ƙoƙon. Ya karɓa, ya cika, ya ba Malama Jucélia. Ita ta kurɓa kawai, ta yamutsa fuska don ɗaci, ta daure ta shanye. Ta ce yanzu saura Malam Aldemar, kuma abin da ya faɗa shi za a yi.

Ƙoƙon ya dawo hannunsa. Ya karkata fulas yana zuba wa kansa. Idonsa na kan ganyen, amma abin da yake ji a kunnensa shi ne "ba yau ba, ba yau ba", da muryarsa. Ruwan ya cika ƙoƙon, ya tumbatsa, ya kwararo masa a kan yatsu.

"Wash!"

Ihun ya cika ɗakin. Ya yi wuf ya ajiye fulas, yana yarfe hannu, yana hura yatsun. Zafi ne na gaske, har cikin ƙashi, kuma ya ji shi.

Dona Iraci ta ce, "Af! Ashe da rai."

Ba wanda ya yi dariya sai ita. Tainara ta ɗago kai a karon farko tun da aka zauna. Malam Aldemar ya dube ta. Ya ga ƙaramar fuska da ta kumbura don kuka, da yatsu dogaye masu cizazzun farata. Ya tuna ya sha ganin yatsun nan a baranda ranar Asabar, Nilza na gyara musu zama a kan maɓallai.

Ya ɗauki ƙoƙon da hannun da ya ƙone, don maganar ta zama tasa.

"Tainara," ya ce. Ya tsaya kamar yana gwada sunan a bakinsa. "Ban san ko na yafe ba. Ba na jin abubuwa sosai tun da ta tafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kada a tura ta ko'ina."

Malam Gilmar ya buɗe baki. Dona Iraci ta nuna masa ƙoƙon da haɓa, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Malam Aldemar ya sa hannu a aljihun rigar sanyinsa. Maɓallan na nan tun ranar, bai taɓa fitar da su ba. Ya zube su a kan teburi, suka gangara, yarinyar ta tare su da tafin hannu.

"Akwai wani tsoho mai gyaran akodiyon a garin gaba," ya ce. "Ba zan kai masa in dawo in karɓa ba. Ke kika yaga, ke za ki liƙe, shi ya nuna miki. Duk Asabar. Ni zan kai ki, kakarki ta biyo mu in tana so."

"Zan biyo," in ji Dona Iraci. "Wa zai haɗa muku mate a hanya? Ba dai wannan ba." Ta nuna Malama Jucélia, wadda ke dariya tana share hawaye lokaci guda.

Haka aka yi. Gyaran ya ci Asabar da yawa, don tsohon ba ya sauri kuma ba ya yarda da aikin ganin ido. Tainara ta sha faɗa a hannunsa, ta liƙe ya ɓalle, ta sake liƙewa. Malam Aldemar yakan zauna a bakin shagon da fulas a gefensa. Ba ya yawan magana. A aji ma ba a ce ya koma yadda yake a da ba, sai dai yanzu in yaro ya yi masa magana yakan juyo.

Bikin Satumba ya zo ya wuce ba a gama ba. Sai da zafi ya fara shigowa tsohon ya ce to, a gwada.

Tainara ta rataya akodiyon a kafaɗa, a nan cikin shagon, tsakanin gwangwanayen gam. Ta fara waƙar da Nilza ke buɗe darasi da ita. Muryar akodiyon ta dawo, amma ba duka ba. Duk lokacin da ta buɗe zugazugin sosai, wurin da aka liƙe yakan saki 'yar iska, kamar mutum ya ja numfashi kafin ya yi magana.

Tsohon ya ce wannan ba ya gyaruwa, haka zai zauna.

Malam Aldemar ya miƙe ya zaga bayan shagon. Ya dafa bango, kukan da bai yi a makabarta ba ya zo masa gaba ɗaya. Yarinyar ta ji, ta tsayar da kiɗan.

Daga bayan bangon ya ɗaga murya. "Wa ya ce ki tsaya? Tainara, ci gaba."

Ta ci gaba. Ranar Litinin kuma tana aji, a kujerarta ta kusa da taga.

Darasi: Korar yaro ba ta da wuya, magana ɗaya ce, amma ba ta gyara abin da ya fashe, ba ta kuma gaya maka dalilin fasawar. Kafin ka yanke wa wanda ya ɓata maka hukunci, zauna da shi ka ba shi damar magana, wataƙila ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofarka ba ka ji ba. Kuma in baƙin ciki ya rufe ka, ka tuna akwai masu rai a gefenka da ke jiran ka dube su. Ku tura wa malamai da iyaye da duk wanda yaro ke ƙarƙashin kulawarsa, ko wani zai saurara kafin ya ce a kora.